Itacen da Goggo Ta Ƙone

Ina makaranta Goggo ta ƙone itacen. Da na dawo bayan azahar na tarar an share ɗakin Baba tas, an yi turaren wuta, an canja zanin gado. Akwatin gilashin da kifayensa suke ciki yana nan kan tebur inda yake kullum, sai dai ruwan ya yi fari ƙal, kuma baƙin guntun itacen nan da ke kwance a ƙasan akwatin babu shi. Baba yana kishingiɗe, ya juya fuskarsa bango. Na yi masa sannu, ko motsi bai yi ba.

Na fito tsakar gida na sami Goggo a bakin murhu tana tona toka da tsinke. Na durƙusa na gaishe ta, sannan na ce, "Goggo, ina itacen da ke cikin ruwan kifi?"

Ta nuna murhu da haɓa. "Ga shi nan. Sai da na shanya shi, na faskara, na zuba masa kananzir kafin ya kama. Ke da ake ce wa Malama, ga ido ga boko, a ce saiwa tana jiƙe a ɗakin ubanki, ruwa ya yi ja kamar shayi, yana kwana yana tashi da ita a kansa, ba ki taɓa tambayar wanda ya jiƙa ta ba?"

Na ce, "Ai shi ya saka da hannunsa, Goggo, tun yana da lafiya."

"To wa ya ba shi? Kin sani?"

Ni ba mai haƙuri ba ce, duk wanda ya zauna da ni ya san haka. A makaranta yara da sun ji takuna suke nutsuwa. Amma Goggo ko Baba bai taɓa ɗaga ido ya kalle ta tana magana ba, balle ni. Na haɗiye abin da ya zo mini baki, na tashi na ajiye jakata.

Baba malamin gona ne. Ya yi shekaru yana yawo a kan babur daga Wurno har Dingaya yana nuna wa mutane yadda ake sa taki da feshi. Da ya yi ritaya kowa ya zaci kiwon tumaki zai kama kamar abokansa, sai ga shi ya tafi Kano ya dawo da akwatin gilashi, da ɗan inji mai hura iska a ruwa, da kifaye a ɗaure cikin leda. Unguwa ta yi ta yi masa dariya: kifin da ba a ci, ba a sayarwa, sai kallo. Shi ko a jikinsa. Har 'yar sola ya sa a rufin ɗakin don kar injin ya tsaya idan an ɗauke wuta. Ba ya barin kowa ya taɓa akwatin, shi ke wankewa, shi ke ba su abinci, shi ya sa babu wanda ya san me ya sa wancan yake nan, me ya sa wannan yake can.

Kifayen akwai ƙanana masu launi, ja da ruwan ɗorawa, masu rawar kai. Sai wani guda mummuna, ruwan ƙasa da ɗigo-ɗigo, mai kama da ƙurungu, bakinsa ta ƙasa. Shi ba ya yawo. Kullum yana manne da itacen nan ko yana ɓoye a ƙarƙashinsa. Shi Baba ya fi so, yakan ce duk cikinsu shi kaɗai ne mai hankali.

Ciwon ya sami Baba da damina, yana cikin alwala. Ɓarin dama ya shanye, magana ta ɗauke. Inna ta riga mu gidan gaskiya tun kafin nan, Yayana kuma yana aiki a Kano, don haka na roƙi maigidana na dawo gida jinya. Goggo kuwa yayar Baba ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ita ta goya shi bayan mahaifiyarsu ta rasu. Har da furfurarsa Auta take ce masa. Bayan an cire amfanin gona ta taso daga Fagam da ƙullin kayanta, ba ta nemi shawarar kowa ba, ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinsa. Baba ba ya yarda ya ci abinci da hagu, a baki ake ba shi, kuma ranar da Goggo ta iso ta karɓe cokalin daga hannuna. Ban ji haushi ba, don a hannunta ya fi ci.

Ranar da aka ƙone itacen bai ci ba. Goggo ta dama kunun gyaɗa irin wanda yake so, ta zauna bakin gado ta kai cokali, ya datse baki. Ta lallashe shi, ta yi masa faɗa, ta kira shi Auta da muryar da ban taɓa jin ta yi wa kowa ba. Ya kau da kai. Ta fito da kwanon tana cewa, "Abin ne yake fita daga jikinsa. Dole ya wahala kafin ya sake shi."

Washegari ma haka, jibi ma haka. Ruwa kawai yake kurɓa, shi ma sai idan ni na ba shi. Idan Goggo ce ta shigo sai ya rufe ido. Ina ganin yadda abin yake cin ta, tana fitowa ta zauna a tabarma ta ja carbi. Amma kullum maganarta ɗaya ce, abin ne yake fita.

Ranar da muka kai shi asibiti ganin likita, aka auna shi, likitan ya duba idonsa da harshensa, ya kira ni gefe. Ya ce mutum mai irin wannan ciwo ba ya jure yunwa. Ya ce mu dawo da shi ranar Litinin, idan har lokacin bai fara ci ba za a ba shi gado a zura masa roba ta hanci. Da robar hanci Inna ta yi kwanakinta na ƙarshe, kuma ranar da muka dawo daga jana'izarta Baba ya kama hannuna a zaure ya ce, "In tawa ta zo, kar ku bari a yi mini wannan." Na san ya ji abin da likitan ya faɗa, don a mota hannunsa na hagu ya riƙe bakin mayafina har muka iso gida bai saki ba.

Da yammacin ranar ina goge masa jiki na lura da inda idonsa yake. Ashe idan babu kowa a ɗakin ba bango yake kallo ba. Akwatin yake kallo, kuma ba ƙananan nan masu launi ba, su suna ta harkarsu kamar ba a yi komai ba. Mummunan nan yake kallo. Ya maƙale a kusurwa bayan tiyon iska, ya yi fari-fari, cikinsa ya lotsa. Na zuba musu abinci, ƙananan suka yi caa a kai, shi bai ko juyo ba. Na ce, "Baba, shi ma ba ya ci ne?" Baba ya dube ni, ya ɗaga hannun hagu da ƙyar ya nuna ƙasan akwatin, inda itacen yake da. Bakinsa ya yi ta motsi, babu abin da ya fito sai miyau. Sai hawaye ya gangaro ta idon da ke ɓarin da ya shanye. Na goge masa, na fita bayan ɗaki na yi nawa kukan.

Na kira Yaya na ce ya bar duk abin da yake yi ya je wurin mai sayar da kifin nan a Kano ya tambaye shi amfanin itacen. Ya ce, "Ke yanzu Baba yana kwance, maganar kifi kike yi?" Na ce ya je, in ba haka ba kar ya sake kirana ya tambayi jikin Baba. Ya san halina, ya je.

Abin da ya dawo da shi bai da yawa. Mai kifin ya ce ƙananan babu ruwansu da itace, ko da shi ko babu za su rayu. Shi wancan mai baki a ƙasa kankarar itacen yake yi, yana haɗiyar ɗan abin da ya kankaro tare da gansakukar da ke jiki, kuma cikinsa ya fi tafiya daidai da shi. Ban da haka nan ne maɓoyarsa, in babu inda zai ɓuya tsoro kan hana shi cin komai. Jan da ruwan ya yi kuwa rinin itacen ne kawai. Ya ce shi na sayarwa ya ƙare masa, amma a nemi wanda ya daɗe a kogi, ɓawonsa ya zube, mai nauyi da ke nutsewa, ba ɗanye ba, ba mai ƙaro ba, ba mai ɗaci irin darbejiya ba. A kankare shi, a tafasa shi sosai ana zubar da ruwan, sannan a saka.

Na sami Goggo bayan la'asar na faɗa mata, a hankali, kaina a ƙasa. Ta saurare ni har na gama.

"Kifi ya ci itace," in ji ta. "A bakin kogi aka haife ni, 'yar nan. Na ga kifi ya ci tana, na ga ya ci gara, na ga ya ci ɗan'uwansa. Ban taɓa ganin wanda ya ci itace ba, sai ka ce gara ce shi. Wanda ya ba da saiwar ai dole ya tanadi abin da zai faɗa." Ta ɗaga yatsa. "Muddin ina gidan nan, babu itacen da zai sake shiga ɗakin Auta."

Ranar Alhamis ce. Na kwana ina juya abin, sai na tuna wata shekara da Baba ya je zumunci Fagam ya dawo da jiƙaƙƙen buhu a bayan babur, wandonsa duk laka. Inna ta yi ta mita, wai mutane suna dawowa daga ƙauye da gero da man shanu, shi ya dawo da ruɓaɓɓen itace daga kogin Gwaram. A lokacin dariya kawai na yi. To ashe shi ne.

Asabar da safe na ce wa Goggo zan je duba gidana. Na tafi tasha na shiga motar Gwaram. A raina har ina yaba wa kaina, wai na yi dabara, a nan garinmu Birnin Kudu kowa ya san ni, iyayen yara za su gan ni a bakin ruwa ina tonon laka. Ban yi tunanin cewa ƙasar su Goggo na nufa ba, inda duk matar da ta haura hamsin ko ƙawarta ce ko surukarta.

Ruwa ya ja baya, ya bar yashi fari da tarkacen da ambaliya ta kawo. Masu ɗiban yashi suna loda mota, suka tsaya suna kallon mace da hijabi da takalmi a hannu tana bin gaɓa tana ɗaga itatuwa tana sunsunawa. Yawanci busassu ne fayau, ina jefawa a ruwa su taso. Wani na ɗaga ya farfashe a hannuna, kunama ta fito. Sai da na tattare zani na shiga har gwiwa, a wani lungu da ruwa ya kwanta a gindin dutse, ƙafata ta taka wani abu mai santsi. Na jawo shi da ƙyar. Baƙi ne wuluk, tsawon kamu biyu, babu ɓawo, da rami a tsakiya wanda kifi zai iya shiga. Na sake shi, ya nutse nan take. Na sunsuna, ƙanshin laka kawai.

Ina cusa shi a buhu na ji an ce, "A'a, wa nake gani kamar 'yar gidan malamin gona?" Wata dattijuwa ce da kwandon wanki a ka, maƙwabciyar Goggo ce ko ƙanwar mijinta, har yau ban tantance ba. Na gaishe ta, ta tambayi mai jiki, idonta na kan buhun. Ta ce, "Magani aka zo nema?" Na ce a'a. Ta ce, "To, Allah ya ba shi lafiya." Tun ban kai bakin titi ba na waiwaya na hango ta ta sauke kwando tana laluben waya a ƙugunta.

Da na iso gida Goggo tana ɗakin Baba, labule a sake. Na lallaɓa madafi, na kankare itacen da wuƙa da soson ƙarfe, na ɗora babbar tukunyar da muke dafa abincin suna. Tafasar farko ruwan ya yi baƙi, na zubar a rariya. Ta biyu ya yi ja. Ina cikin ta uku, hayaƙi ya cika mini ido, na ji inuwa ta rufe ƙofa.

Goggo ba ta yi ihu ba. Da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta tsaya ta dubi tukunyar, baƙin itace yana juyawa a jan ruwa, ta dube ni, zanina duk lakar kogi.

"An kira ni ban yarda ba," in ji ta. "Na ce 'yar Auta tana gidan mijinta." Ta gyara tsayuwa ta dafa bango. "Ina ta zargin mutanen waje. Ashe a cikin gida abin yake."

Wallahi sai na ji kamar an watsa mini ruwan tukunyar a jiki. Ni da na bar ɗakina da 'ya'yana, ni da nake wanke masa abin da ba a faɗa, ni ce yau ake ce wa na yi wa ubana sammu. Kuma na san in wannan magana ta fita daga gidan ta hau motar Fagam, har in mutu tana bina, har 'ya'yana sai an nuna su da baki. Zuciya ta ciyo ni. Na buɗe baki, kuma na san abin da zai fito ba zai taɓa komawa ba, sai na rufe.

Na ɗauki moɗa a kan randa, na kamfato ruwan tukunyar, na sirka da na sanyi. Na tsaya a gabanta na yi bisimilla da ƙarfi yadda za ta ji, na kafa kai. Ɗaci-ɗaci, bauri-bauri, ga warin laka. Sai da na ga ƙasan moɗar na sauke. Na sake kamfata.

"Ke," in ji Goggo.

Na shanye ta biyu. Na ce, "In akwai abin cutarwa a ciki, Goggo, ni zai fara kamawa, kina tsaye kina gani." Na goge baki da bayan hannu. "Wancan da kika ƙone babu wanda ya ba shi. Daga koginku ya ɗauko shi da hannunsa, ranar da ya je gaishe ki, ya dawo wandonsa duk laka. Wannan ma daga can na ɗauko. Jibi Litinin za su zura masa roba a hanci, kuma ya roƙe ni kar in bari. Ni ban san ko wannan zai sa ya ci ba. Shi kaɗai ya rage mini."

Na kai hannu zan kamfata ta uku, ta riƙe mini wuyan hannu. Tsohuwa ce amma riƙon ya yi mini zafi. Ta karɓe moɗar ta ajiye. Ta tsura wa tukunyar ido. Ni kuma ina tsaye, cikina ya fara ƙugi, ina roƙon Allah kar in yi amai a gabanta, don in na yi shi ke nan, ta samu shaida.

Can ta ce, "Ta wajen dutsen nan kika shiga? Inda ruwa ke kwanciya?"

Na ce eh.

"Nan yake gudu tun yana ɗan tatsitsi. Na sha dukansa a kan wurin nan." Ta saki hannuna. "Tsamo shi ya huce."

Da ya huce ba ta bar ni na ɗauka ba. Ta naɗe shi a gefen zaninta ta shiga ɗakin, ina biye. Baba yana jin takunta ya rufe ido. Ta zauna bakin gado ta ce, "Auta, buɗe ido ka gani." Bai buɗe ba. Ta kamo hannunsa na hagu ta ɗora a kan itacen. Na ga yatsunsa sun tsaya, sannan suka fara bin jikin itacen a hankali, suka sami ramin, suka shiga. Ya buɗe ido. Bai dube ni ba, ita ya duba.

"In na cuce ka ne, ban sani ba," in ji ta. Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ta tashi ta naɗe hannun riga, ta yi addu'a ta tofa, ta zura itacen cikin akwatin da kanta. Ƙananan suka watse, suka dawo suna zagaya shi. Mummunan yana kusurwarsa, bai motsa ba.

Na zaci da an saka itacen, shi ke nan. Ba haka aka yi ba. Har magariba kifin bai motsa ba, Baba kuma bai ci ba. Ni kuwa cikina ya murɗa, na yi ta zarya bayan gida, ina lallaɓawa ta bayan rumbu don kar Goggo ta ƙirga. Ta gani sarai. Ta dama mini kanwa da ɗan gero ta ajiye a ƙofar ɗakina.

Lahadi da hantsi muna zaune mu uku a ɗakin Baba. Kwanon kunu yana hannun Goggo har ya yi sanyi, na ɗumamo, ya sake yin sanyi. Na riga na fara haɗa kayan asibiti a jaka, bargo da buta da kofi, ina yi ina ɓoyewa a bayan ƙofa don kar Baba ya gani. Kifin ya saki kusurwar ne ba tare da na lura ba. Goggo ce ta taɓa ni da ƙafa. Ya sauko ƙasa, ya tsaya, ya ja jiki kaɗan, ya sake tsayawa. Sai ya shige ramin nan gaba ɗaya, wutsiya kawai ake gani.

Muka yi ta jira. Aka kira azahar, babu wanda ya tashi. Can ya fito ya manne a bayan itacen, bakin nan nasa ya fara motsi, yana ja da baya kaɗan-kaɗan. Inda ya wuce sai ga ɗan layi mai haske a jikin baƙin itacen.

Goggo ta matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashi. "Ikon Allah," ta ce a hankali. "Ci yake yi."

Har yau ba zan rantse ba ko yunwar itace ce ta kusa kashe kifin nan ko rashin wurin ɓuya. Ban kuma san ko Baba fushi yake yi da Goggo ba, ko kuwa ya ga abin da ya rage masa a duniya yana mutuwa a gabansa ne ba shi da bakin faɗa. Abin da na gani shi ne Goggo ta koma bakin gado, ta ɗebo kunun nan mai sanyi a cokali, ta ce, "To ga naka ya ci. Saura kai." Baba ya dube ta, ya buɗe baki.

Cokali kaɗan ya sha ranar, amma ya sha. Litinin muka je, likita ya ce a ci gaba da ba shi a gida. Na dawo na kwance jakar.

Baba ya ƙara ganin damina guda. Magana ba ta dawo ba, amma ya ci tuwo, ya ci ɗanwake, har ya koyi zuba wa kifayen abinci da hagu, tunda su ba ruwansu da wane hannu ne. A gadonsa ya cika, da rana tsaka, babu roba a hancinsa, Goggo tana riƙe da kansa.

Bayan addu'ar arba'in ta ɗaure ƙullinta ta koma Fagam. Maganar da ta faɗa mini a ƙofar madafi ba ta taɓa janye ta ba, ni ma ban taɓa tayar da ita ba, ko da yake ta daɗe tana yi mini ciwo. Akwatin na kai shi gidana. Mummunan yana nan, ya ƙara girma, ya kankare itacen har ya zama siriri, ramin ya ɓule ta sama.

Bara da kaka, ruwa ya ja baya, wani direban motar Gwaram ya yi sallama a ƙofar gidana da jiƙaƙƙen buhu. Ya ce wata tsohuwa ce daga Fagam ta ba shi. Ya ce a bakin kogi ta tsayar da shi, zaninta a jiƙe har gwiwa, da ƙyar take tafiya da sanda. Na kwance buhun, baƙin itace ne mai nauyi, babu ɓawo, da rami a tsakiya.

Na ce, "Ba ta ba ka saƙo ba?"

Ya ce, "Ta ce na kifin Auta ne. Wai ki tafasa shi sosai kafin ki saka." Ya ɗan sosa ƙeya. "Ta kuma ce in gaya miki, ruwan zubarwa ake yi, kar ki sha."